Mintin Shiru na Madam Habsa

A jihar Agadez yau babu sauran mutum ɗaya wanda ba a jin muryarsa. Tun daga Ingal har Dirkou, duk wanda ya buɗe baki za a ji shi, kuma za a amsa masa nan take. An ci nasara a kan nisa.

Wannan magana Elhaji Chaibou ne ya faɗe ta, shugaban ƙungiyarmu ta masu motocin da ke ratsa hamadar Tenere, ranar Alhamis da ta wuce, a gaban mutum kusan ɗari biyu, aka kuma tafa masa. Na san kalmomin da ka, domin ni ne sakataren ƙungiyar, ni na rubuta masa su. An yi taron ne don sallamar Madam Habsa Tanko, wadda ta riƙe ɗakin radiyon ƙungiyar shekara talatin da ɗaya, yanzu lokacin ajiye aikinta ya yi. A kanta nake son yin magana, tunda a ranar tata ba a samu sarari ba.

Ƙarfe shida da rabi take isowa. Takan biyo lungunan tsohon gari, ta wuce gindin hasumiyar masallaci, ta ratsa tasha lokacin da masu shayi ke hura gawayi. Ɗakin nata yana bayan biro, wato ofishin ƙungiya, kusa da inda ake jibge tsofaffin ƙafafun mota, tagarsa ɗaya. Abu na farko, ta yaye tsohon ɗankwalin da take lulluɓe akwatin radiyo da shi, ta kakkaɓe yashi. Ta duba ruwan bateri. Ta leƙa waje ta ga ko iska ta tsinka wayar antan, wato eriya. Ƙarfe bakwai daidai ta danna maɓallin mikoro.

“Agadez ke kira. Fachi, ina kwana? À vous.”

Ga wanda bai taɓa zama a ɗakin ba sai na yi ɗan bayani, ko don karatun da na yi a Yamai ya yi amfani sau ɗaya. Malamanmu sun ce saƙo ba tafiya iri ɗaya yake yi ba. Akwai mai tafiya gaba kawai, ba ya dawowa, kamar amsa-kuwwar masallaci: a faɗa, kai ka ji. Akwai irin na salula, inda ku biyu kuke iya magana a lokaci guda, shi ya sa a yawancin hirar salula ba wanda ke jin wani. Radiyon Madam Habsa yana tsakanin biyun nan. Hanya ce ta zuwa da dawowa, amma irin lungun tsohon gari wanda jaki ɗaya mai kaya kaɗai ke iya wucewa, na wancan gefe sai ya jira. Muddin ka danna maɓalli kana magana, kunnen akwatin ya toshe, ko duniya za ta tashi ba za ka ji ba. Sai ka gama, ka ce à vous, wato fili naka ne, ka saki, sannan ka zama mai sauraro. Duk aikin yana cikin sakin nan. Na ga manyan mutane da suka kasa koyonsa.

Sau biyu a rana ake buɗe layi, ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe huɗu na yamma. Ta kira Fachi, ta kira Bilma, ta kira Dirkou, sannan motocin da ke kan hanya, kowa da sunansa. Wa ya iso, wa ya yi pan motarsa ta lalace, wace rijiya ce yashi ya rufe, matar wa ta haihu. Wannan duk wanda aka koya wa zai iya.

Abin da ba a koya mata ba shi ne mintin. Kullum, ƙarfe bakwai da kwata da kuma huɗu da kwata, ko ana tsakiyar wace magana, sai ta ce, “Kowa ya saki.” Ta ajiye mikoro a cinya, ta dubi agogon bango, ta yi shiru minti ɗaya cur. Ba abin da ke fitowa sai sassaukar ƙarar iska, kamar ana soya wani abu a gidan maƙwabta. Babu wannan a cikin takardar ƙa'idar aiki. Na duba, domin akwai waɗanda suka taɓa neman in rubuta mata gargaɗi a kai.

Shofofi, direbobinmu, sun mai da abin wasa. Wani Nasser da ke zama Dirkou, mai murya kamar ta ƙahon kamiyo, babbar motar kaya, ba ya taɓa bari ya wuce.

“Inna, gyangyaɗi ne ko lazimi? À vous.”

Sai mintin ya cika take amsa masa.

“Ɗana, kai baterinka sabo ne, ko ba radiyo ana jin ka har Bilma. Mintin nan ba naka ba ne. Na wanda baterinsa ya kusa mutuwa ne. Shi ba ya iya ture ka, sai in ka kauce. À vous.”

“To yau kin ji wani?”

“Ban ji ba, alhamdu lillahi.”

Haka take cewa kusan kowace rana. Shekaru da dama ba ta ji kowa ba, kuma ba ta fasa ba.

A bazarar shekarar da aka fara zaɓen Elhaji Chaibou shugaba, ya ga ya dace ya gaisa da ƴan ƙungiya na nesa. Ranar Talata da ƙarfe huɗu ya shigo ɗakin radiyo da babbar riga da takardu shafi tara. Su ma ni na rubuta. Ya danna maɓalli, bai saki ba sai biyar saura minti goma, lokacin rufe layi ya yi. A ranar ba a yi mintin shiru ba. Madam Habsa ta buɗe baki sau biyu, ya ɗaga mata hannu. Sabon shugaba ne, ita kuma ma'aikaciya ce, ta haƙura.

Washegari da safe ya dawo don ya ƙarasa shafi uku da suka rage. Muna cikin ɗakin mu shida ko bakwai. Ƙarfe bakwai da kwata ta ce, “Elhaji, a saki.”

Ya ɗaga hannu.

“Elhaji, minti ɗaya ne.”

Ya ci gaba da bayani a kan haɗin kai. Sai ta miƙa hannu a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙaya, ta zare igiyar mikoron daga jikin akwatin. Elhaji ya ƙarasa jimla guda cikin mikoron da ba ya haɗe da komai. Kafin ya samu abin cewa, wata murya ta fito daga cikin ƙarar iskar, siririya, tana zuwa tana ɓacewa.

“…Alkasum ne. Agadez, Alkasum ne. Ban san ko ana ji na ba. Mu ashirin da uku ne…”

Alkasum shofer ne na wani tsohon kamiyo, ya bar Agadez ran Lahadi da kaya da fasinjoji zuwa Dirkou. Bayan ya wuce alamar hanya da ake kira Itacen Tenere guguwa ta taso, ta shafe sawun hanya. Ya yi ta tafiya yana zaton gabas ya nufa, har moter, wato injin, ya tsaya. Radiyonsa kuma ɓangaren ji ya ƙone. Yana iya aikawa, ba ya iya karɓa. Wato akwatinsa ya koma irin na farko, mai tafiya gaba kawai. Ya san lokutan buɗe layi, ya san da mintin Madam, sai ya riƙa duba agogon hannunsa yana magana a daidai lokacin, don kada ya ɓarnatar da bateri. Tun jiya da yamma ya fara kira.

Madam Habsa ta mai da igiyar, ta danna.

“Mun ji ka, Alkasum. Agadez ta ji ka. À vous.”

Wani daga cikinmu ya ce, “Madam, ai ya ce ba ya ji.”

Ta ce, “Na ji abin da ya ce.”

Daga wannan safiya ta hana kowa magana a layi. Duk awar buɗewa ta zama shiru, ana jiran mutum ɗaya. Ƴan kasuwa masu jiran labarin dabino da gishiri suka yi ta zuwa biro da ƙorafi, Elhaji kuma, sai a faɗi gaskiya, shi ya tsaya a ƙofa yana korarsu. Sai dai sanin mutum ya ɓata ba shi ne sanin inda yake ba. An sanar da hukuma, motoci biyu suka fita suka bi hanya, ba su ga komai ba. Muryar ma Agadez kaɗai take isowa, sauran wuraren ba sa kama ta. Don haka duk abin da Alkasum ya faɗa, sai Madam ta jira ya gama, ta maimaita wa wani tsohon jagoran ayari, Baba Inoussa, wanda aka ɗauko aka zaunar gaban radiyon Fachi.

“Ɗiyata, tambaye shi yashin wurin ja ne ko fari. À vous.”

“Baba, ba ya ji na. Ba a iya tambayarsa komai. À vous.”

Tsohon ya sake danna maɓalli.

“To mu jira shi ya faɗa da kansa.”

Aka jira. Alkasum ya ce akwai tudun yashi ta arewa. A Tenere wannan kamar mutum ya ce maka gidansu yana da ƙofa ne. Ya ce sauran bido, wato jarka, huɗu na ruwa. Ran Alhamis da safe ya ce sauran uku, ya ce wani dattijo cikin fasinjoji ba ya iya tashi zaune. Kowane kira, idan ya gama, sai ta danna ta ce, “Mun ji ka, Alkasum.”

Ran Alhamis da yamma ɗakin ya cika har waje. Muryar ta zo, amma ba da Agadez take magana ba. Mutumin ya yanke ƙauna cewa akwai mai jin sa, sai ya juya ga matarsa.

“Souwaiba, in ma wani ya ji ya gaya miki. Souwaiba, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba…”

Na ga wuyan mutane sun miƙe. Nawa ma ya miƙe. Madam Habsa ta jawo kask, abin sawa a kunne, ta cusa igiyarsa a jikin akwatin. Nan take muryar ta ɗauke daga ɗakin, ta koma cikin kunnenta ita kaɗai.

“Haba Madam, mu ma ƴan'uwansa ne.”

Ba ta ko waiwayo ba. Ta zauna minti goma da wani abu, idonta a bango, alƙalami a hannu, ba ta rubuta komai ba. Can sai ta rubuta kalma biyu. Da ya gama ta cire kask, ta danna maɓalli.

“Mun ji ka, Alkasum. Fachi, Baba Inoussa, akwai duwatsun niƙa a wurin. Tsofaffi, fasassu, da yawa, a kwance cikin yashi. À vous.”

Nan take tsohon ya amsa.

“Na san wurin. Kudu ya yi, ba gabas ba. A ba ni mota.”

Ran Asabar da hantsi suka same su, da rabin bido na ruwa. Ashirin da biyu suka dawo. Dattijon nan, mai sayar da fata ne daga wajen Tanout, ya rasu ran Juma'a da la'asar, aka rufe shi a can. Ban ce jawabin ran Talata ne ya kashe shi ba. Lissafin awoyi kawai na taɓa yi, sau ɗaya, ban sake ba. Madam Habsa kuwa ban taɓa jin ta ta da maganar ba, ko ga Elhaji ko ga ni mai shafi tara.

Bayan kwana goma Alkasum ya zo ɗakin radiyo, leɓɓansa ba su gama warkewa ba. Ina wurin. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza rawaninsa, ya kasa shigowa.

“Madam, an ce ke kika ji ni.”

“Allah ne ya ji ka. Shigo daga rana.”

“Madam, ran Alhamis ɗin nan. Kin ji duka?”

Ta ci gaba da goge akwatin da ɗankwalinta.

“Na ji duwatsun niƙa. Ka ce irin na gidan surukarka ne. Sauran iska ta kwashe, ka san radiyonka ba shi da kyau.”

Ya dube ta. Sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawani. Ta aika aka kawo masa shayi. Yau shekara goma sha shida, suna nan shi da Souwaiba, sun aurar da ƴaƴa biyu, kuma a garin nan da ba a iya ɓoye ko sayen sabon takalmi, babu wanda ya san abin da Alkasum ya faɗa a ranar.

Daga baya na tambaye ta dalilin da ya sa take amsa wa mutumin da ta san ba ya ji. Na ɗauka za ta ba ni wata magana mai zurfi in sa a rahoton shekara. Ta ce, “Malam, in waya ce ta kwance a ciki, tana iya komawa da girgiza. In ta koma, me kake so ya fara ji? Shiru?”

Madam Habsa, ke ce kunnen Tenere. Ba zan ƙara miki kirari a kan wannan ba, na san ba kya so. Ke ce kika zauna shekara talatin da ɗaya a ɗaki mai taga ɗaya kina sauraron ƙarar iska don mutanen da galibinsu ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Ƙarar nan ta ci miki kunnen hagu, shi ya sa kike juyo da fuska gefe idan ana miki magana, wasu na zaton jan aji ne. Sau nawa aka yi suna da biki a danginki kika tashi tsakiyar taro saboda huɗu ta gabato? Mu da muka yi karatu mun san sunayen hanyoyin nan da faransanci. Ke kika san lokacin da ake saki.

Yanzu zamani ya sake. Manyan ƴan ƙungiya duk suna da salular tauraron ɗan Adam, suna magana da Dirkou daga kan tabarmarsu, su biyu a lokaci guda. Kwamiti ya zauna ya ga cewa tunda Madam za ta tafi, babu dalilin neman wani, za a rufe ɗakin radiyo a mai da shi wurin ajiye kujerun taro. Ni na rubuta wannan ma. A zaman, ita kaɗai ta yi tambaya.

“Motoci nawa ne ba su da salular nan?”

Aka dubi juna. Ita ta ba da amsa.

“Goma sha ɗaya. Da mai gadin rijiya ɗaya. Radiyo kawai gare su.”

Elhaji ya ce za a duba. Ta ce to, kafin a gama dubawa, a ba ta akwatin. Aka ba ta, har da godiya, domin an rasa inda za a kai shi. Ran Laraba Alkasum da Nasser suka ɗauke shi a amalanke suka kai zauren gidanta, suka ɗaure wayar antan daga kan soronta zuwa itacen dogon yaro na maƙwabci.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce ƴarta Munira, ungozoma a Yamai. Ta zo tun farkon mako don ta tafi da uwarta. Ta gyara mata ɗaki a can, jikoki uku suna jira, ta kuma samu likitan kunne da ya ce a kawo ta kafin na dama ya bi na hagu. An riga an ɗaure kaya. Motar Yamai ran Juma'a da safe.

Taron sallama ya fara ƙarfe uku. Aka zaunar da Madam Habsa a gaba, cikin sabon lufaya, kusa da Munira. Elhaji ya karɓi mikoro, irin mai amsa-kuwwa, wanda babu buƙatar a saki komai. Ya yi magana a kan ci gaba. Huɗu da ƴan mintoci ya kai wurin da babu sauran mutum ɗaya wanda ba a jin muryarsa, aka tafa. Sannan ya kira ta ta zo ta karɓi takardar yabo. Kujerar ba kowa. Munira ce ta tashi ta karɓa, idonta a ƙasa. Aka sake tafawa.

Don haka tun da ba a yi mata a ranar ba, bari a yi yanzu. Madam Habsa, mun gode. Mutum ashirin da biyu sun gode, da ƴaƴan da suka haifa bayan haka, da Souwaiba wadda ba ta san iyakar abin da za ta gode miki a kai ba. Allah ya saka miki, ya bar miki kunnen da ya rage. Ku kuma masu karatu, ba na cewa ku je ku sayi radiyo. Kowannenmu yana da wani a kusa da shi wanda baterinsa ya yi sanyi, a gida ko a wurin aiki, wanda ba zai iya ture muryarmu ba. Ku riƙa tsayawa kuna ba shi fili, ko da kun tabbata babu abin da za ku ji. Yawancin ranaku ba za ku ji komai ba.

Da aka watse na bi Munira zuwa gidan, ina riƙe da takardar yabon a cikin gilashinta. Muka tarar da Madam a zaure, ta tuɓe sabon lufayan ta ninke, tana zaune kan tabarma gaban akwatin. Ta karkatar da kask ɗin ya zauna a kunnen dama. Jakunkuna biyu suna jingine a bango, an kwance bakin ɗaya.

Munira ta ce, “Inna, motar ƙarfe bakwai ce fa gobe.”

“Bakwai ina da layi.”

“Inna, likitan…”

“Ki gaishe shi. Ki ce masa in an gama dubawa ina zuwa.”

Munira ta dubi jakunkunan. Sannan ta durƙusa ta fara fito da kayan uwarta daga jaka, tana jerawa a inda suke da. Na matsa zan miƙa takardar, na fara wani bayani a madadin kwamiti. Madam Habsa ta ɗaga mini yatsa ɗaya, idonta a kan agogo. Wata mota ce daga cikin sha ɗayan ba ta amsa kiran ƙarfe huɗu ba, ta ƙara mata minti.